Minti Ɗaya Cif

"Idan sauri kike yi, ga ƙofa nan a buɗe."

Auta ta ɗago kai daga kan agogon hannunta, da farko ba ta ma gane da ita ake ba. Hajiya, mahaifiyar mutumin da take shirin aure, tana kallonta ta saman gilashi, ta ajiye kofin shayinta a kan tebur a hankali.

"Na'am, Hajiya?"

"Na ce ga ƙofa. Sau biyu ina tambayarki ko bayan aure za ki ci gaba da kwana a asibiti, ke kuwa kin kafa wa agogo ido kamar mai jiran mota."

"Wallahi Hajiya ba haka ba ne..."

"To yaya ne?"

Hamsin da takwas. Abin da ke bakin Auta ke nan, kuma bayan shi babu abin da ta ji a cikin minti ɗayan da ya wuce.

A kan kafet, kusa da ƙafar Hajiya, Shalele na kwance rigarta ta tattare sama. Jikar Hajiya ce, watanninta goma sha huɗu, uwarta ta tafi wani kwas na mako biyu ta bar ta a hannun kaka. Tun shigowar Auta idonta ya faɗa kan ƙirjin yarinyar, ta gargaɗi kanta cewa yau gaisuwa ta zo, ba aiki ba. Ina! Ido ya riga ya gani, hannu kuma ya ɗaga agogo da kansa.

"Hajiya, numfashin yarinyar nan nake ƙirgawa. Hamsin da takwas a minti ɗaya, ya yi yawa ƙwarai. Dubi ƙasan haƙarƙarinta yadda yake lotsawa in ta ja iska. Huhunta ne. A kai ta asibiti yau, ba gobe ba."

Haka ta faɗe shi gatsau, yadda take ba nas-nas umarni a bakin gado. Babu "ina ganin", babu "ko za a gwada". Wanda ya yi awa talatin bai runtsa ba, tausasa harshe ne abu na farko da yake mantawa.

Wata 'yar dariya ta fito daga kujerar gefe. Gimbiya ce, 'yar ƙanwar Hajiya, mai kantin magani a bakin titi, wadda kowa a gidan ya san ita Hajiya ta so wa ɗanta tun farko.

"Ikon Allah! Daga zuwa gaisuwa sai a fara yi wa jikar mutane fatan ciwo? Mura ce fa, Hajiya. Ni da kaina na kawo mata maganin tari jiya."

Hajiya ta sunkuya ta ɗauki Shalele ta rungume a ƙirjinta.

"'Ya'ya shida na raina, babu wanda na taɓa ƙirga wa numfashi da agogo, ga su nan da ransu. Uwarta ta ba ni amana, ke kuma kin shigo har falona ki ce ban iya riƙo ba."

"Ban ce haka ba, Hajiya."

"Ai kin gama faɗa. A gaida mutanen gida."

Auta ta waiwaya wajen Dogo, saurayin nata. Shi ya yi wata uku yana roƙonta wannan ranar, sau biyu tana ɗagawa saboda aiki. Ga shi nan zaune ya sunkuyar da kai yana nazarin zanen kafet kamar yau aka shimfiɗa shi. Duk tsawon nan nasa, wallahi ko kalma ɗaya bai iya fitarwa ba.

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Sai a bakin get Dogo ya cim mata.

"Auta, tsaya!"

"Ka kai ta asibiti."

"Minti ɗaya fa. Minti ɗaya kawai na roƙa ki ajiye likitancin nan a waje, ki zama yarinyar da na kawo wa mahaifiyata."

"Dogo, yarinyar nan ba ta da lafiya."

"Ke ai kowa a wurinki ba shi da lafiya! Ranar da muka fita cin abinci, ɗan masu teburin gefe kika zuba wa ido har muka tashi. In na kira ki a waya, ina tsakiyar magana sai in ji kin yi barci. Shekara biyu ina hira da barcinki, Auta."

Me za ta ce? Gaskiya ya faɗa.

"Na gaji," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Allah ya sani ina sonki, amma na gaji."

"Ni ma na gaji, masoyi. Ka rabu da ni in ka ga dama, amma ka fara kai Shalele asibiti."

Ta soma kwance agogon daga hannunta. Shi ya saya mata a makon da ta fara neman ƙwarewa a kan ciwon huhun yara, mai dogon hannu ja da ke zagaya daƙiƙu. Ya kalli agogon, ya yi wani murmushi mai ciwo.

"Bar shi. Ya fi ni amfani a wurinki."

Ya juya ya koma ciki.

Duk wanda bai san Farfesa ba zai ce Auta ba ta da tarbiyya. To ku bari in gaya muku wace ce Farfesa.

Gajeriyar mace ce mai furfura, shekara talatin tana sauraren ƙirjin yara, kuma a hannunta duk likitocin da ke neman ƙwarewa a ɗakin yara masu ciwon huhu suke bi. Ba ta duka, ba ta zagi, amma in ta kalle ka ta ce "sake", gara a mare ka. Dokarta ɗaya ce, kowace safiya sai ta maimaita ta.

"Na'ura takan ruɗe in yaro ya motsa. Ƙirga daƙiƙa goma sha biyar a ninka huɗu kuwa, wannan ku bar wa masu duba manya. Numfashin yaro yakan yi gudu, ya tsaya, ya sake gudu. Minti ɗaya cif. Agogo da ƙirji a ido ɗaya, baki a rufe. Ko wa ke muku magana, ya jira."

A watanta na farko Auta ta taɓa yin yanke. Gajiya ta sa ta ƙirga rabin rabi ta ninka, ta rubuta talatin da shida a fayil ɗin wani jariri. Ashe a lokacin hutunsa ta kama shi. Kafin azahar an garzaya da shi ɗakin kulawa ta musamman. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma Farfesa ta sa Auta tsayawa a kan gadaje ashirin da huɗu kowace safiya, wata guda cur, tana ƙirgawa. Tun daga nan abin ya bi jikinta. A mota, a kasuwa, a layin banki, in dai ga ƙirjin yaro to hannunta ya ɗago.

Da yammacin ranar da aka nuna mata ƙofa, Auta ta kira lambar Hajiya. Gimbiya ta ɗauka.

"Hajiya na hutawa."

"Don Allah ki gaya mata, in Shalele ta ƙi shan ruwa, ko barcinta ya yi nauyi, ko leɓɓanta suka yi duhu, kada a jira komai. A kawo ta, a ce ni ake nema."

"To, likita. Za a gaya mata."

Yadda ta ja kalmar "likita" ɗin kaɗai ya isa Auta ta sha jinin jikinta. Ta tura wa Dogo saƙo, ya karanta, bai amsa ba. Ta yi niyyar ta koma gidan da ƙafarta, ko za a sake korarta. Ta zauna a bakin gado don ta cire takalmi ta ɗan huta, ba ta farka ba sai da ƙararrawar wayarta ta buga washegari. Ta sake kira sau biyu daga wurin aiki, ba a ɗauka ba. Ta ce a ranta wataƙila sun kai ta wani asibitin. Ta san ƙarya take yi wa kanta.

A rana ta uku da safe suna tsakiyar zagayen duba marasa lafiya. Likitoci takwas a bayan Farfesa, kowa ido ya yi ja, farar riga ta yamutse, ana ji ana gani tana tatse wani sabon likita da ya karanto lamba daga na'ura.

"Na tambayi na'ura ko na tambaye ka? Sake."

Sai ga Sista, babbar nas ɗin ɗakin, da sauri.

"Likita Auta, ana nemanki a ɗakin gaggawa. Sun ce ke suke so."

Auta ta bi ta da gudu.

Dogo ne tsaye, maɓallan rigarsa a karkace, Shalele a kafaɗarsa ta yi laushi kamar tsumma. Hancinta na buɗewa yana rufewa, kowane numfashi da ɗan gurnani, leɓɓan sun yi duhu. Hajiya na gefe mayafinta na jan ƙasa. Can baya Gimbiya, riƙe da kwalbar maganin tari.

Auta ba ta gaida kowa ba.

"Kwantar da ita nan. Sista, oksijin! A nemo jijiya."

Aka maƙala wa yarinyar robar iska a hanci. Auta ta yaye rigar, ta ɗaga hannunta na hagu daidai ƙirjin.

"Agogon ne kuma?!" Hajiya ta fashe da kuka. "Yarinya na mutuwa kina duba agogo? Ku yi wani abu mana!"

"Baiwar Allah, yi shiru. Tana ƙirga."

Farfesa ce a bakin ƙofa, likitocinta a baya. Ba ta ɗaga murya ba, amma Hajiya ta haɗiye kukanta.

Minti ɗaya ba komai ba ne sai ranar da ka tsaya ka jira shi. Jan hannun agogo ya bi hanyarsa bai damu da kowa ba. Auta na jin idon Hajiya a wuyanta, tana jin numfashin Dogo a bayanta. Ba ta ɗago ba sai da hannun ya dawo inda ya tashi.

"Saba'in da biyu."

Ta sa abin sauraren ƙirji a kunne, ta bi bayan yarinyar sama da ƙasa.

"Gefen dama, ƙasa. Yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye."

Farfesa ta saurara da kanta, ta gyaɗa kai.

"Limoniya ce, ciwon ya kama huhun. A fara allura yanzu, hoton ƙirji ya biyo baya."

Sai da aka yi allura, aka ɗaura ruwa, leɓɓan suka soma komawa kalarsu, sannan Farfesa ta juyo ga dangi.

"Yaushe ta fara?"

"Kwana biyar da tari," in ji Dogo.

"Babu likitan da ya gan ta?"

Ya nuna Auta. "Akwai. Ita. Shekaranjiya, a gidanmu."

Farfesa ta juya a hankali ta kalli Auta.

"Nawa kika samu?"

"Hamsin da takwas."

"Haƙarƙari na lotsawa?"

"Yana lotsawa."

"Sai kika ɗauki jakarki kika tafi gida."

"Na gaya musu, Farfesa. Na ce a kawo ta..."

"Kin gaya musu. Madalla. Sun kawo ta?"

Auta ta girgiza kai.

"Lambar da ba ta kawo yaro asibiti ba, amfanin me ta yi? Ku matso ku ji, ku ma." Ta yafito sauran likitocin. "Na koya muku ido, ashe ban koya muku baki ba. Kaka tana ji an ce jikarta ba lafiya, abin da kunnenta ke ji shi ne an ce ta gaza. Da kin sauka ƙasa kin zauna, kin kama hannunta kin ɗora a kan ƙirjin nan ta ji da kanta, da tun shekaranjiya yarinyar nan tana kan gadona. Rabin aiki kika yi, likita."

A gaban abokan aikinta, a gaban Dogo, a gaban Gimbiya. Auta ta ji hawaye na tahowa, ta cije leɓe. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a maganar.

"Likita..."

Muryar Hajiya ce, a dashe.

"Ba laifinta ba ne. Ta faɗa, da bakinta ta ce yau ba gobe ba. Ni na nuna mata ƙofa."

Farfesa ta dube ta daga sama har ƙasa.

"To kun raba laifin ku biyu. Sai ku raba jinyar."

Ta wuce abinta, likitoci suka bi ta.

Hajiya ta share ido da bakin mayafi. "Da ma kin kira, 'yar nan. Da na ji muryarki sau ɗaya da na sauko."

"Na kira, Hajiya. Sau uku. Na bar saƙo."

"Wurin wa?"

Gimbiya ta soma juya kwalbar da ke hannunta tana karanta takardar jiki kamar za a yi mata jarrabawa.

"Na ga kamar hankalinki zai tashi ne, Hajiya, shi ya sa..."

"Tafi kantinki," Hajiya ta ce, ko kallonta ba ta yi ba. "Tafi kawai."

Aka ba Shalele gado na tara, kusa da taga. Hajiya ta kafa kujerar roba a gefensa, ta ƙi yarda kowa ya karɓe ta. Daga nan take kallon ɗakin. Gadaje ashirin da huɗu, tukwanen iskar oksijin, iyaye mata da suka manta rabonsu da wanka mai kyau, da likitoci matasa masu jan ƙafa don gajiya. Kowane ya zo bakin gado sai ya ɗaga hannu ya yi tsit. Uwa na masa magana, ba ya amsawa. Waya na ƙara a aljihunsa, ba ya taɓawa. Sai minti ya cika ya ɗago ya ce, "Na'am, Mama, me kika ce?"

Hajiya ta ga wannan ya fi sau hamsin a rana ɗaya.

Da yamma numfashin Shalele ya sauko sittin da huɗu.

Washegari sittin, zazzaɓi ya ƙi sauka, Shalele ta ƙi karɓar ko cokali ɗaya na ruwa. Auta ta je ofishin Farfesa ta tambaya ko a canza allura, Farfesa ta ce a ba magani awa arba'in da takwas, haƙuri ma aiki ne. Ta fito ta jingina da bango ta rufe ido. Ta san in yarinyar nan ta tafi, babu sauran wata magana tsakaninta da gidan su Dogo, kuma ita kanta ba za ta yafe wa kanta barcin ranar nan ba.

Dogo yakan zo da abinci ya tsaya daga nesa. In ta wuce ya ce, "Sannu, likita." Ta ce, "Yauwa." Iyakarta ke nan. Hajiya ta nuna mata ƙofa, wannan ta iya haɗiyewa. Shirunsa ne ya tsaya mata a wuya.

A rana ta biyu da kwantar da Shalele, da la'asar, Auta ta gama ƙirga ke nan, Hajiya ta riƙo gefen rigarta.

"Nawa?"

"Hamsin da biyu."

"Nawa ake so?"

"A shekarunta, ƙasa da arba'in."

Hajiya ta kalli ƙirjin jikarta. "Ni ma zan iya?"

Auta ta tuna maganar Farfesa. Ta durƙusa a ƙasa, duk da gwiwoyinta na ciwo, ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a kan cikin Shalele.

"In ya taso ya koma, ɗaya ke nan. Ga agogon bango can. Ki fara in hannun daƙiƙa ya hau sha biyu, kada ki daina sai ya dawo. Ko wa ya yi miki magana, Hajiya, ya jira."

"Ko wa?"

"Ko wa."

Hajiya ta kawar da kai gefe. Auta ta ga kafaɗarta na motsi, ta yi kamar ba ta gani ba.

A rana ta huɗu da hantsi Auta ta shigo ɗakin tana jan takalmi. Kwana biyu ke nan rabonta da gida, an kawo yara uku a jere, ɗaya bai yi rai ba. Ta nufi gado na tara.

"Ina kwana, Haji..."

Hajiya ta ɗaga mata hannu, idonta a kan bango.

Auta ta tsaya, baki buɗe. Matar da ta kore ta saboda agogo, yau ita ce ta tsayar da gaisuwarta saboda agogo. Ta jira. Me za ta yi in ba jira ba?

"Talatin da shida," Hajiya ta ce. "Sau uku ina yi. Talatin da shida, talatin da bakwai, talatin da shida. Bai kai arba'in ba, ko?"

Auta ta ɗaga nata agogon ta ƙirga.

"Talatin da shida."

"Alhamdulillahi! Alhamdulillahi!"

Shalele ta buɗe ido ta fizge robar hancinta ta yi jifa da ita, ta callara kuka mai ƙarfi, irin kukan da likitan huhu ke jin daɗinsa fiye da kiɗa.

Hajiya ta goge fuska, ta gyara zaman gilashinta, ta koma Hajiyarta ta falo.

"Tambayata ta ran nan, har yau ba ki amsa ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Da za ta iya yin ƙarya, da yanzu ne lokacinta. Gajiya ba ta bar mata ƙarfin yi ba.

"Zan ci gaba da kwana a asibiti, Hajiya. Saura shekara biyu in gama, kuma ko na gama ba dainawa zan yi ba. Ba zan iya yi miki alkawarin abin da ba zan cika ba."

"Hm." Hajiya ta ɗauki Shalele tana jijjigawa. "To ai dole wani ya kwana. Da duk kun tafi gida, wa zai tsaya a kan wannan? Abincinki dai daga gidana zai riƙa zuwa, don na ga abin da kuke ci a nan, ba abinci ba ne."

"Hajiya..."

"Umma ake ce min a gidana. Je ki, ga wancan dogon yana ta safa da marwa a baranda tun safe. Nawa laifin na ɗauka, shi ma ya ɗauki nasa."

A kan dogon bencin baranda ta same shi. Ya miƙe tsaye da ya gan ta, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ki ba ni minti biyar."

"Minti biyar nake da shi."

Ta zauna a wancan ƙarshen bencin, ta jingina kanta da bango. Rabonta da zama tun jiya da azahar.

"Auta, ranar nan na ga ƙirjin yarinyar nan, wallahi na gani. Na san ba ki faɗar abin da ba ki tabbatar ba. Amma haushinki nake ji, na watanni, sai na bari aka kore ki don ke ma ki ji yadda ake ji in an yi shiru an bar mutum. Saƙonki ma na karanta, na ce gobe. Da Shalele ta mutu, da ni na kashe ta, ba Umma ba. Ban san da wane baki zan ce ki yafe min ba, abin da na sani kawai shi ne..."

Abin da ya sani ɗin, Auta ba ta ji shi ba.

Da ta buɗe ido inuwar ginshiƙi ta matsa daga ƙafarta zuwa tsakiyar baranda. Ta zabura. Innalillahi! Mutum na ba ta haƙuri, ta sake yi masa barci. Shi ke nan, ta ce a ranta, wannan karon da hannunta ta ƙarasa abin.

"Dogo, don Allah ka yi haƙu..."

Ya ɗaga mata hannu. Yana nan inda ta bar shi, idonsa a kan agogon da ke saman ƙofar ɗakin yara.

Ta yi shiru har hannun daƙiƙa ya hau sha biyu.

"Goma sha shida," ya ce. "Yanzu da kika firgita ya haura, amma tun ɗazu goma sha shida ne. Umma ta koya min. Ban san na manya ba, yana da kyau?"

Ta gyaɗa kai.

"To lafiyarki ƙalau, likitata. Gajiya ce kawai."

"Minti nawa na yi?"

"Arba'in. Na roƙi Sista ta ce za ta riƙe miki ɗakin." Ya sosa ƙeya. "Shekara biyu ina jin wannan numfashin a waya ina kashewa cikin fushi. Yau na zauna na saurare shi. Ashe ba raina ni kike yi ba, a wurina kaɗai kike samun inda za ki sauke."

Hawayen da ta hana fita a gaban Farfesa, da na bakin get, da na yaron da ya rasu jiya, duk suka taho lokaci guda. Ta rufe fuska da hannun farar rigarta.

"Ban ji ƙarshen maganarka ba, masoyi."

"Ba wata doguwa ba ce. Cewa na yi har yanzu ina so, in kina so."

"Haka zan riƙa yi maka barci fa."

"Na sani."

"In ga ɗan mutane in manta da kai."

"Minti ɗaya ne. Na gwada, ana iya jira."

Ta yi dariya cikin kuka, ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ga Sista ta leƙo.

"Likita, yi haƙuri, gado na sha huɗu. Numfashinsa bai yi min ba."

Auta ta miƙe kafin ta san ta miƙe. Ta yi taku uku, ta tsaya, ta waiwayo a tsorace, don a daidai irin wannan wurin ne kullum fuskarsa ke canzawa.

Dogo ya gyara zama a kan bencin, ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

"Je ki," ya ce. "Ina nan."

"Ina so," ta ce da sauri. "Ka ji? Ina so."

Ta shige ɗakin tana gyara agogon a hannunta.